“Da Sauƙi”: Gurbin Harshen Hausa a Horon Ma'aikatan Jinya kan Kula da Manya Masu Ciwo Mai Tsanani

Tsakure

Da Ingilishi ake horar da ma'aikatan jinya a Nijeriya, a Nijar kuma da Faransanci, amma mafi yawan marasa lafiyar da suke karɓa a asibitocin ƙasar Hausa da Hausa suke faɗin abin da ke damunsu. Wannan muƙala ta dubi abin da ke faruwa tsakanin harshen horo da harshen majinyaci a lokacin da babba ya kamu da ciwo mai tsanani, inda jinkirin sa'a guda kan iya zama sanadin rasa rai. An ɗauki matakan da ake koya wa ɗalibin jinya domin gane majinyacin da jikinsa ke rikicewa, aka gwada su da yadda Bahaushe ke maganar jikinsa. Muƙalar ta nuna cewa wasu awon da ake ɗauka lissafi ne zalla, a haƙiƙa a kan harshe suka dogara, kuma horon da bai kula da wannan ba ya bar giɓi a daidai wurin da ya fi haɗari.

1.0 Gabatarwa

Nazarin magani a fagen Hausa ya fi karkata ga magungunan gargajiya da masu ba da su, wato bokaye da 'yan bori da wanzamai da maɗora da ungozoma da malaman tsibbu. A nan ne ayyuka irin su muƙalar Murray Last ta 1981 da littafin Lewis Wall na 1988 da rubuce-rubucen Aliyu Muhammad Bunza suka yi fice. Hausar da ake yi a bakin gadon asibiti kuwa, tsakanin ma'aikaciyar jinya da tsohon da aka kawo ranga-ranga da tsakar dare, ba ta sami irin wannan kulawa ba, alhali a kowace rana ana yanke hukunci mai nauyi a kan abin da aka ji ko aka kasa ji a cikinta.

Tun a sunayen mutanen da ke wurin akwai sarƙaƙiya. Kalmar majinyaci a bakin Hausawa takan ɗauki mara lafiya, takan kuma ɗauki wanda ke zaune yana kula da shi. A wannan muƙala majinyaci shi ne mara lafiya, mai jinya shi ne ɗan'uwan da ke kwana tare da shi, ma'aikacin jinya kuma shi ne nas. Da ciwo mai tsanani ana nufin wanda ya zo farat ɗaya, ko tsohon ciwo da ya rikice cikin sa'o'i, irin su bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sanƙarau da amai da gudawa da yaɗuwar ƙwayoyin cuta a cikin jini.

2.0 Abin da Ake Koya wa Ɗalibin Jinya

Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ce ke tsara manhaja da ba da lasisi. An kafa ta da Doka ta 89 ta shekarar 1979, wadda ta haɗe hukumar ungozoma da ta ma'aikatan jinya wuri guda. Karatun jinya na asali shekara 3 ne, na digiri a jami'a kuma shekara 5, sannan akwai kwasa-kwasan ƙwarewa a fannoni kamar agajin gaggawa da kulawa ta musamman. Lacca da littattafai da jarrabawa da rubutun fayil, duk da Ingilishi ake yin su.

Ginshiƙin abin da ake koyarwa game da mai ciwo mai tsanani shi ne cewa jiki ba ya faɗuwa ba tare da gargaɗi ba. Wani bincike da Schein da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1990 ya gano cewa kashi 84 cikin 100 na majinyatan da zuciyarsu ta tsaya a asibiti sun nuna alamun rikicewa a cikin sa'o'i 8 kafin hakan. A 1998 McQuillan da abokan aikinsa a Ingila suka bi diddigin manya 100 da aka kai sashen kulawa ta musamman, suka tarar fiye da rabinsu ba su sami kulawar da ta dace ba kafin a kai su. Matsalar ke nan ba rashin alama ba ce, rashin mai lura da ita ne a kan kari. Ma'aikacin jinya kuwa shi ke tare da majinyaci dare da rana, likita zagaye yake yi ya wuce.

Domin haka ake koya wa ɗalibi ya bi jiki daki-daki bisa tsarin da aka fi sani da haruffan ABCDE: hanyar iska tukuna, sai numfashi, sai gudanar jini, sai hayyaci, sannan a buɗe jiki a duba sauran. An jera su bisa abin da ya fi saurin kisa. Akwai kuma ma'aunin gargaɗi, wanda fitacce a cikinsu shi ne NEWS, na Kwalejin Likitoci ta Landan, da ya fito a 2012 aka sabunta shi a 2017. Yana ba da maki ga abubuwa shida: yawan numfashi a minti, yawan iskar oksijin a jini, awon jini, bugun jijiya, zafin jiki da hayyaci. Numfashi 12 zuwa 20 a minti ba shi da maki, 25 ko fiye yana da maki 3. In jimilla ta kai 5 a nemi likita da gaggawa, in ta kai 7 rai ne ke hannun Allah. Ba kowane asibiti ne a ƙasar Hausa ke amfani da wannan takarda ba, amma awon da ke cikinta su ne kowane ɗalibin jinya ke koyo tun shekararsa ta farko.

Biyar daga cikin shidan nan agogo da na'ura ke ba da su. Na shida, wato hayyaci, sai an yi magana. Haka ma matakin farko na ABCDE, domin abin da ake umartar ɗalibi ya fara yi shi ne ya tambayi majinyaci yadda yake ji.

3.0 “Yaya Jiki?”

A Ingilishi ma tambayar lafiya takan zama gaisuwa kawai, amma a asibiti mara lafiya ya san cewa bayani ake nema. A Hausa al'amarin ya fi haka ƙarfi. “Yaya jiki?” gaisuwar ciwo ce, kuma amsarta a yanke take: “Da sauƙi”, ko “Alhamdu lillahi”, ko “Jiki ya yi kyau”. Mai amsawa ba rahoto yake bayarwa ba. Godiya yake yi ga Allah, yana kyautata zato, yana kuma kare mutuncinsa, domin raki abin kunya ne ga babba, dauriya kuwa abin yabo. Mai jinya ma haka zai amsa wa masu zuwa dubiya ko da yana ganin majinyacinsa na gargara. Kowane Bahaushe ya san wannan a gida. Abin mamaki shi ne yadda ɗalibi Bahaushe, da zarar ya sa fararen kaya ya riƙe biro, yakan mayar da “da sauƙi” zuwa Ingilishi kalma da kalma, ya rubuta a fayil cewa majinyaci ya ce ya ji dama. Wanda ya karɓi aiki bayansa kuma abin da zai karanta ke nan.

Ba a ce a daina gaisuwar ba. Wanda ya tsallake ta ya faɗa wa dattijo da tambayoyi ya rufe wa kansa ƙofa. A maimakon haka, gaisuwar ita kanta ma'auni ce in an san abin da ake saurare. A ƙaddara an ce wa wani magidanci, “Baba, sannu. Yaya jikin?” Idan ya amsa da “Da sauƙi, alhamdu lillahi, yaya aiki, yaya gida?” a numfashi ɗaya, to ya nuna abubuwa uku a take: hanyar iskarsa a buɗe take, numfashinsa ya isa ɗaukar jimla, jini kuma yana isa ƙwaƙwalwarsa. Idan kuwa ya ce “Da... sauƙi... alham... du lillahi” yana tsayawa yana jan iska, to ma'anar kalmomin ta ce lafiya, yanayin fitarsu ya ce haɗari. Kasa ƙarasa jimla a numfashi ɗaya yana cikin alamomin asma mai tsanani da ake koyarwa a aji. Gaisuwar Hausa, da tsawonta da maimaicinta, ta fi gajeriyar gaisuwar Bature dacewa da wannan gwaji. Haka nan dattijon da jiya ya mayar da gaisuwa har ya tambayi iyali, yau kuma ya tsaya a “yawwa”, ya faɗi wani abu da ma'aunin zafi ba zai faɗa ba.

Bayan gaisuwa sai tambayar da ba ta da amsa a yanke. “Tsakanin jiya da yau, wanne ya fi?” ta fi “Yaya jiki?” amfani. “Kin iya tashi kin yi alwala da kanki da asuba?” ta fi su duka, domin aiki take tambaya, ba ji ba, kuma babu kunya a amsa ta.

4.0 Numfashi da Zuciya

Hausa ba ta da talaucin kalmomin numfashi. Akwai haki, da nishi, da shessheƙa, da sarƙewa, da shaƙewa, da numfashi sama-sama, da numfashi ɗai-ɗai, da kakari. Kowace tana nuna wani yanayi dabam: haki sauri ne, ɗai-ɗai jinkiri ne, sarƙewa cikas ne a hanya. Ɗalibin da ya tattara su duka ya rubuta kalmar Ingilishi guda ya zubar da bayanin da aka ba shi kyauta. Mafi haɗari a cikinsu, a ganin wannan muƙala, ita ce minshari. Mutumin da hayyacinsa ya yi ƙasa harshensa kan koma baya ya toshe wani ɓangare na maƙogwaro, sai ya riƙa fitar da sauti irin na mai barci. Mai jinya da ya kwana uku yana kallon ɗan'uwansa na juyi zai ce da farin ciki, “Yau dai ya samu barci, har da minshari, kada a tashe shi.” Ga wanda ya sha bugu a ka, ko mai hawan jini da ya faɗi, wannan jimla kira ce ta a zo da gudu.

Zuciya kuwa ta fi kowace kalma yaudara. “Zuciyata tana tashi” amai ne ke tafe. “Zuciyata ta ɓaci” fushi ne. “Gabana yana faɗuwa” na iya zama fargaba, na iya zama bugun da ya sauka daga tsari. “Ciwon zuciya” a bakin wani baƙin ciki ne, a bakin wani ƙwannafi ne. Sannan mai ainihin bugun zuciya sau da yawa ba ya ambaton zuciya ko kaɗan. Cewa zai yi ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse, ko ya ce olsarsa ce ta tashi, tunda kusan duk wani zafi tsakanin cibiya da wuya olsa ake kiransa a yau. Idan ɗalibi ya karɓi sunan cutar daga bakin majinyaci ya rubuta, an gama. Abin da ya kamata a koya masa shi ne ya ajiye sunan ya nemi siffa: zafi ne, ko suka, ko nauyi, ko murɗa? Yana sauka hannu ko yana hawa muƙamuƙi? Akwai gumi?

A nan ma'aunin ciwo na 0 zuwa 10 da ake koyarwa ba ya cika aiki ga wanda bai saba auna jinsa da lamba ba. Zogi da raɗaɗi da sara da suka sun fi “bakwai” bayani.

5.0 Tantance Hayyaci

A 1974 Teasdale da Jennett suka fito da ma'aunin suma na Gilasgo, wanda har yau ake amfani da shi a duniya. Yana ba da maki 4 ga buɗe ido, 5 ga magana, 6 ga motsi. Mai cikakken hayyaci yana da 15, mafi ƙaranci 3, daga 8 zuwa ƙasa kuma ana jin tsoron ba zai iya kare hanyar iskarsa ba. A ɓangaren magana, mai maki 5 shi ne wanda ya san kansa da inda yake da lokacin da ake ciki, mai 4 kuma ya ruɗe. Sabon NEWS na 2017 ya ƙara da cewa ruɗewar da ta zo sabuwa ita kaɗai maki 3 ce. Saboda haka tambayoyi biyu ko uku da ɗalibi zai yi su ne ke raba majinyacin da za a bari sai safe da wanda za a taso likita dominsa.

Tambayoyin an gina su ne a kan rayuwar mutanen da aka tsara su dominsu. A tambayi manomi daga ƙauye wane wata ake ciki, ya ce watan azumin tsofaffi, ko ya ce ai yanzu aka yi huɗa. Amsarsa daidai take, ɗalibin da ke jiran Janairu ko Yuli ne bai shirya mata ba. A tambayi shekarunsa, ya ce an haife shi zamanin Sardauna. A tambayi dattijuwa sunan mijinta ko na ɗanta na fari domin a gwada tunaninta, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Wannan kunya ce, kuma kunyar ita kanta shaida ce cewa tana cikin hayyacinta. Da za ta furta sunan gatsau a gaban mutane, shi ne ma ya fi cancantar a tsaya a duba. Akwai kuma batun suna. Ana gwada ko majinyaci yana amsa murya ta hanyar kiransa, amma sunan yanka da ke kan kati ba lalle ne shi ake kiransa da shi a gida ba. Mutumin da ya shekara sittin yana amsa Tanko ko Ɗanjuma zai fi saurin buɗe ido ga laƙabinsa. Bafillacen da ciwo ya mayar da shi Fillanci kuma ba sambatu yake yi ba, mai sauraren ne ba ya ji.

Kuskuren na iya zuwa ta ɗaya ɓangaren, kuma shi ya fi muni. Gaisuwa da salati da istigfari suna daga cikin maganganun da suka fi zama daram a bakin Bahaushe, mutum na iya fitar da su lafiya lau alhali bai san inda yake ba. Ɗalibin da ya ji “lafiya lau” ya ba da maki 5 bai gwada komai ba. Sai a tambayi abin da ba a haddace ba: wa ya kawo ka, daga wane gari, wace salla aka yi yanzu?

Lokutan salla suna da wani amfanin. Ga mai shanyewar ɓarin jiki, abu na farko da likita ke son sani shi ne yaushe aka gan shi lafiya na ƙarshe, domin maganin narkar da gudan jini, a inda ake da shi, a cikin sa'o'i huɗu da rabi ake ba da shi. “Da ƙarfe nawa ya fara?” takan jawo “ɗazu”, kuma ɗazu na iya zama minti goma, na iya zama tun hantsi. “Ya yi azahar a masallaci?” kuwa kowa a gidan ya san amsarta. Asuba da hantsi da azahar da la'asar da magariba da isha'i agogo ne da ba ya bukatar batir.

Wani wurin da hayyaci da al'ada ke haɗuwa shi ne faɗuwar sukari. Mai ciwon sukari da ya sha magani bai ci abinci ba, musamman a watan azumi, sukarin jininsa kan sauka ƙasa da 4 a ma'aunin da aka saba. Sai ya jiƙe da gumi, ya fara surutai, har ya kai wa na kusa duka. 'Yan'uwa za su ce iska ce ta buge shi. Ɗalibin da ya yi dariya ya rasa amincewarsu, wanda ya yarda ya koma gefe kuma ya rasa majinyacin. Jimlar “iska ta buge shi” bayani ne ingantacce na abin da aka gani: mutum ya sauya hali farat ɗaya. Tofi da addu'a ba sa hana a huda yatsa a auna sukari, aikin da bai kai minti ɗaya ba.

6.0 Mai Jinya da Miƙa Aiki

A asibitocin ƙasar Hausa mai jinya shi ke ciyarwa da wankewa da sayo magani da kwana a gindin gado. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: shi kaɗai ya san yadda majinyaci yake kafin ciwo, saboda haka shi kaɗai zai iya cewa ruɗewar sabuwa ce. Ingila sai a 2024 ta fara aiwatar da tsarin da ya ba dangi ikon neman a sake duba majinyacinsu idan suka ga jikinsa na rikicewa. A nan dangin suna bakin gado tun asali, sai dai maganarsu a lulluɓe take zuwa. “Malama, jikin nan nasa dai...” da “Yau ban gane masa ba” da “Ya ƙi karɓar komai” ƙararrawa ce aka naɗe da ladabi. Haka ma “ya kewaya” ba ta bambanta fitsari da bayan gida ba, alhali raguwar fitsari ƙasa da kimanin mililita 30 a sa'a ga mutum mai kilo 60 alama ce ta jini ba ya isa ƙoda. Dole a sake tambaya a fili, da kalmar da ba za ta kunyata dattijo a gaban surukarsa ba.

Ana gwada ɗaliban jinya a aikace kafin a ba su lasisi, kuma ana yin atisaye da mutum-mutumi ko da wani ɗalibi a matsayin majinyaci. Idan mai kwaikwayon yana amsawa da Ingilishin littafi, an shirya ɗalibi ne domin majinyacin da ba zai taɓa haɗuwa da shi a Gusau ko Haɗeja ba. Kamata ya yi mai kwaikwayon ya ce “da sauƙi”, a ga abin da ɗalibi zai yi. Wannan ya shafi ɗalibin da Hausa ba harshensa ba ne, ya kuma shafi Bahaushe, domin Bakanon da ya saba da zazzaɓi da gudawa zai ji masassara da zawo a Sakkwato da Maraɗi.

Gudummawar sassan Hausa a nan ba ƙirƙirar sunaye ga na'urori ba ce. Jerin keɓaɓɓun kalmomi da aka saba yi daga Ingilishi suke tasowa su sauka a Hausa, amfaninsu ga mai fassara ne. Ma'aikacin jinya kuwa daga Hausa yake farawa, don haka littafin da zai amfane shi sai ya taso daga abin da majinyaci ke faɗa, da karin harshensa, ya sauka a tambayar da za a yi. A ƙarƙashin suma, alal misali, ba kalmar Ingilishi ɗaya za a rubuta ba. Za a nuna cewa Bahaushe na cewa “ya suma” ga wanda jiri ya ɗebe ya farfaɗo nan take, da wanda ya yi jijjiga, da wanda ya shiɗe, da wanda ya kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. Sai a biyo da tambayoyin da za su raba su: Ya daɗe kamar yaya, tsawon alwala ko tsawon tafiya kasuwa? Jikinsa ya yi karkarwa? Ya ciji harshe, ko fitsari ya kufce masa? Da ya farfaɗo, ya gane ku?